Maigandi Mai Keke da Fitilar Iska

An haifi Maigandi a shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato, a wani ƙaramin ƙauyen manoma gero, tafiyar yini guda daga birni. Ubansa maƙeri ne, mai gyaran hauya da lauje. Tun da yaron ya fara magana aka gane in'ina gare shi, irin mai tsananin nan da kalma ke maƙalewa a maƙogwaro, jijiyar wuya ta tashi, ido ya yi ja, har mai sauraro ya ƙosa ya ƙarasa masa zancen. Haka kuwa aka yi ta yi masa har ya tsufa. Kowa ƙarasa masa yake yi, sau da yawa da abin da bai yi niyyar faɗa ba. Sai ya koyi yin shiru, ya mai da hankalinsa kan ƙarfe, tunda shi ƙarfe ba ya ƙosawa da mutum.

Yana da shekara ashirin ya shigo birni, ya sami aikin lebura a wurin gyare-gyaren En'e, wato hukumar gargajiya. Lokacin kekuna sun fara yawa, na Turawa da na akawuna da na malaman ofis. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Da kallo ya iya, yana share ƙasa yana satar duban hannun masu gyara. Bayan shekara biyar ya bar aikin, ya sami ɗan gida a Ƙofar Taramniya, ya mai da zaurensa wurin gyaran keke. Ya iya miƙar da ƙafar keken da ta karkace har ka ɗaga ta ka juya, ba ka ganin ko 'yar karkata. Mutane suna kawo masa aiki, su karɓa, su tafi. Ba mai tsayawa hira.

Sannan ya auri Sadiyatu, ɗiyar wani marini, mace mai surutu da dariya, wadda ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba. Takan tsaya da muciya a hannu ta jira shi har ya kai ƙarshe, ko da tuwo zai kama. Sun haihu sau biyu, duka yaran ba su tsaya ba. Shekara goma sha uku suka yi tare, kuma a cikin shekarun nan ne kawai Maigandi ya zama mutum cikin mutane, saboda ciyayya.

Ga wanda bai tashi da ita ba, ciyayya ita ce magidantan layi su taru bayan sallar magariba a ƙofar gidan babbansu, kowa a fito masa da akushinsa daga cikin gida, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. A layinsu ana shimfiɗa tabarma ne a gindin katangar Malam Hayatu, maƙwabcinsa na gabas, ɗan gidan malamai kuma mai rubutu a ofishin En'e. Su bakwai ne har da Maigandi. Wurinsa can ƙarshen tabarma, jingine da katanga. Ba ya cewa komai, ba kuma a buƙatar ya ce, domin miyar Sadiyatu ta isa. Akwai wani baduku a cikinsu, Attahiru, mai yawan zolaya, wanda kullum sai ya ce, "Ku hwara da na Maigandi, kahin shi ƙare bisimilla mun shanye miyar." A yi dariya, shi ma Maigandi ya yi, har da buga cinya. Bai taɓa jin haushin wannan zolayar ba. Ai sai da kai a wurin ake zolayarka.

A daminar shekara ta biyu da fara yaƙin Jamus zazzaɓi ya kama Sadiyatu. Kwana uku ta yi.

Maƙwabta sun yi abin da aka saba. Sun yi zaman makoki, matansu sun yi ta aiko da abinci har sadakar arba'in. Daga nan kwanuka suka daina zuwa. Maigandi ya koma sayen fura da ƙosai yana ci a zaure. Da magariba ta yi sai ya dawo daga masallaci ya shige, ya turo ƙyaure, domin ba shi da akushin da za a fito masa da shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya zauna hannu rabbana ya ci tuwon matan mutane ba. Babu dokar da ta hana shi zama. Amma kuma babu ko mutum ɗaya cikin shidan nan da ya taka ya ƙwanƙwasa masa ya ce fito. Taku goma sha biyu ne daga ƙofarsa zuwa tabarmar. Kada kowa ya ce ba su lura ba, sun lura sarai. Kowa dai ya bar wa ɗan'uwansa.

Shekara guda ya yi a haka. Yana zaune a bayan ƙyaure cikin tayoyi da sarƙoƙi, yana jin ana ɗage faifai daga bakin akushi, yana jin muryar kowa, har ya san wa ya makara, wa ya yi baƙo. Abin da yake so a duniya bai wuce wannan ba, ya koma ƙarshen tabarmar nan ya jingina da katanga.

Yaƙin ya kawo tsadar komai, kananzir kuwa ya ɓace daga kasuwa. Fitilar ƙwai da Malam Hayatu ke fitowa da ita ta koma cikin gida ta zauna. Aka koma aci-balbal, ita kuma da iska ta ɗan motsa sai ta mutu. Wata rana Maigandi ya ji Attahiru yana tofar da yawu yana ihu, wai ya tauna buzuzu ya zaci daddawa ce. Mutane suka yi ta dariya cikin duhu. Maigandi bai yi dariya ba. Tunani ya faɗo masa, cewa in ba shi da tuwon da zai kai, ai ba tuwo kaɗai tabarmar ke buƙata ba.

Yana da wasu ƙafafun keke biyu na gaba da ya daɗe yana ajiye da su. Sabon samfuri ne, wanda dinamon fitilar ke ƙunshe a cikin cibiyar ƙafar, ba irin mai gogar taya ba. Ɗaya ta wani Bature ce da mota ta taka masa keke, ya bar masa tarkacen. Ɗayar ta wani akawu ce ɗan kudu da aka yi wa canjin gari. Maigandi ya sha ɗaga su ya juya da hannu don kawai ya ga ƙwan fitilar ya kawo haske. Abin da bai taɓa tunani ba shi ne wani abu daban ya juya masa. Sai wani yammaci na bazara, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙarfi. Ɗaya daga ƙafafun tana saƙale a kan wani ƙarfe a bakin zaure, wani yagaggen faifai ya maƙale a cikin wayoyinta. Iska ta bugi faifan, ƙafar ta juya, ta sake juyawa, ƙwan da ke reto a jikinta ya yi ja ya mutu, ya sake yin ja. Maigandi ya tsuguna yana kallo har ruwa ya sauko ya jiƙa shi sharkaf.

Wata biyu ya yi yana aikin. Garwar kananzir ta zama banza a gari tunda babu abin zubawa, sai ya tattaro wasu ya yanka da almakashin ƙarfe, ya fitar da fuka-fuki shida shida, ya ɗaure su a wayoyin ƙafar. Na farko ya yi su a miƙe, iska ta buga suka ƙi motsi. Ya lanƙwasa su kamar cokali, suka juya amma suka yi ta karkarwa har ɗaya ya fizge ya tsaga masa tafin hannu. Ya ɗaure hannun da tsumma, ya zauna ya auna kowane fiffike da ɗan'uwansa a tafin ɗayan hannun har nauyinsu ya zo ɗaya. Ya gwada haɗa dinamo biyun a waya ɗaya don hasken ya ninka, sai suka yi ta kokawa da juna, hasken ya ragu maimakon ya ƙaru. Ya raba su, kowace ƙafa da ƙwanta. Ya ɗora su gefe da gefe a kan ƙarfen wuyan wani tsohon keke, ya yi musu jela da garwa, yadda duk inda iska ta juya abin zai bi ta ya fuskance ta.

A tsakar gida abin ya ƙi aiki. Katanga ta kowane gefe, iska ba ta sauka. Dole sai saman soro. Ya kafa azara a can ya ɗaure ta da igiya huɗu.

To a nan maganar take. A birni namiji ba ya hawa soro haka kawai, domin daga sama tsakar gidan kowa a buɗe take, kuma a tsakar gida mata ke rayuwarsu, da ɗaurin ƙirji, suna daka, suna wanki, suna kitso. Ko magina masu yaɓe kafin damina sai sun tsaya a gindin tsani sun ɗaga murya sau uku, "Salamu alaikum maƙwabta, za a hau soro, a kimtsa!" Sannan su ɗan jira. Maigandi ya san wannan kamar kowa. Ranar farko ya tsaya a gindin tsani, ya cika ƙirjinsa da iska, ya buɗe baki.

"Sa-sa-sa-sa..."

Ya tsaya ya haɗiye yawu, ya bar sallamar ya kamo gaba.

"Za-za-za-za a..."

Daga bayan katangar gabas wata ta fashe da dariya, wata ta taya ta, wata kuma ta kwaikwaye shi da siririyar murya. Ba da mugunta suka yi ba, ba su ma san me yake son faɗa ba. Amma Maigandi ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado, bai fito ba sai la'asar.

Da ya fito, ƙararrawar keke ce a hannunsa. A hankalinsa na mai gyaran keke lissafin a fili yake: duk Sakkwato babu wanda zai ji ƙararrawa bai kauce ba. Ya ɗaure ta a jikin tsani. In zai hau sai ya kaɗa sau uku, ya jira daidai yadda magina ke jira, sannan ya taka. A sama kuwa bayansa yake juya wa gidan Malam Hayatu, idonsa a kan ƙarfe. Bai gaya wa kowa ma'anar ƙararrawar ba, domin gaya wa mutum ma ai magana ce. Su kuwa matan, gidan mai gyaran keke ne, ƙararrawa ba ta yini ba ta kaɗa ba. Me za su gane?

Da hawa ɗaya ne da an manta. Amma abin nan na son kulawa kamar jinjiri. In ya bi iska ya juya, wayar da ta sauko ƙasa sai ta nannaɗe a jikin azara, sai an hau an warware. Giris babu, man gyaɗa yake zubawa, rana ta busar da shi ya yi danƙo. In hadari ya taso sai an hau an ɗaure fuka-fukan. Safe da yamma Maigandi na sama, har kwana ashirin.

Ran na ashirin da ɗaya da hantsi, Hajjo, mahaifiyar Malam Hayatu, tsohuwar da ta wuce kulle, ta dogaro sandarta ta tsaya a bakin zaurensa. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Kai Maigandi, mi kaka nema saman soro? Tantabara ka koma?"

Ya miƙe da sauri ya rusuna, ya nuna sama, ya juya hannu kamar ƙafar keke.

"Na gani, ba makauniya nike ba. Jiya Iyatu na wankin kai ta ɗaga ido sai ga ƙato bisa kanta. Da kumfa ta ruga ɗaka, ta ci tuntuɓe da turmi. Matar Malam guda! Bakinka ciwo shikai da ba ka iya sallama?"

Ta san amsar, amma ta tambaya. Maigandi ya ja hannun rigarsa ya shiga ciki, ya kwanto ƙararrawar ya kawo mata, ya kaɗa sau uku, ya nuna tsani.

"I-i-ina ka-ka..."

Tsohuwa ta dubi ƙararrawar, ta dube shi.

"Wagga ce sallamar taka? Yo mu jakai ne bisa hanya da za a kaɗa muna ƙararrawa?" Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, muryarta ta ɗan sauka. "Da Sadiyatu na raye da ba ka yi wanga shirme ba. Allah shi jiƙanta. Ka sauke abin nan tun Malam bai kai ka gaba ba."

Bai sauke ba. A ransa, rashin ganin amfanin abin ne ya sa suke faɗa, in suka gani za su huce. Ranar kuwa iska ta yi kyau, tana busowa daga yamma a hankali ba yankewa. Da aka shiga sallar magariba ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya riga kowa fitowa. Ya ja wayoyin ta kan katanga, ya buga ƙusa biyu a saman inda ake shimfiɗa tabarma, ya rataye ƙwayayen. Suka kama. Haske ne rawaya, yana ƙaruwa yana raguwa da numfashin iska, amma ya isa ka ga zanen tabarma. Maigandi ya koma bakin ƙofarsa ya tsaya.

Attahiru ne ya fara isowa. Ya ja birki da ƙafa.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku gani! Wuta babu mai, babu lagwani!" Ya kai yatsa ya taɓa ƙwan ya janye. "Maigandi, kai ka yi wanga? Ashe shirun nan naka ba banza ba. Yau dai buzuzu ya shiga uku."

Sauran suka taru suna ɗaga kai, wani na hura ƙwan da baki ya ga ko zai mutu. Aka fara fito da akusa. Wani ya waiwayo ya ce, "To matso mana, ka tsaya can kamar baƙo." Maigandi ya ɗaga ƙafa, ya yi taku uku.

Sai Malam Hayatu ya iso da carbi a hannu. Ya dubi ƙwayayen. Ya bi wayar da ido, ta kan katanga, har saman soro inda fuka-fukan ke juyawa. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

"Ku naɗe tabarmar a kai zaure," ya ce. "Ni ba ni cin tuwo ƙarƙashin abin da anka tona asirin gidana da shi."

Sannan aka naɗe. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki akusansu suka bi shi ciki, Attahiru ne na ƙarshe, yana tafe yana waiwayen hasken. Ƙwayayen suka ci gaba da haska ƙasa da sawun tabarma. Maigandi ya tsaya har aka kira isha'i, sannan ya cire su.

Washegari aka kira shi gaban mai unguwa Tambari. Duk 'yan ciyayyar suna nan zaune. Malam Hayatu ya yi bayaninsa a natse.

"Ranka shi daɗe, ni ban ce mutumin banza ne ba. Shekara goma sha uku muna sa hannu akushi guda. Amma iyalina sun koma zaman ɗaka cikin wanga zahi, ko shanya ba su iya yi. In yau anka bar shi don ƙarhe, gobe wani ya hau don wani abu, mi za a ce mishi?"

Maganar tasa ba ƙarya ba ce, wannan kam a ba shi. Tambari ya juya.

"To Maigandi, ka ji. Kwana ashirin kana hawa sahe da marece babu sallama. Gaskiya ne ko ƙarya?"

Maigandi ya kwana yana shirya amsar. Zai ce gaskiya ne yana hawa, amma yana kaɗa ƙararrawa, kuma bayansa yake juyawa, bai taɓa ganin ko gefen zanen kowa ba, kuma don su ya yi abin.

"Ga-ga-gaskiya..."

"Madalla, ya amsa," in ji Tambari. "Mutum in ya amsa laihinai an rage aiki."

Maigandi ya ɗaga hannu alamar bai gama ba, jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa na motsi babu sauti. Tambari ya ɗan jira, ya dubi rana, ya ce ya gane, haƙuri yake bayarwa, kuma Malam ya haƙura.

Attahiru ya gyara zama. "Ranka shi daɗe, in sallamar ce matsala, ai sai a samu mai yi mishi kiran in za shi hawa. Abin nan hwa yana da amfani."

"To wa za ya yi? Sahe da marece, kullum. Kai?"

Attahiru ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa, ya ce shi da sassafe yake fita majema. Tambari ya bi sauran da ido. Maza shida, kowa da lafiyayyen harshe a bakinsa, masu iya kwana suna musu a kan farashin goro, aka rasa wanda zai ara wa maƙwabcinsa kalma tara sau biyu a yini. Aka yanke cewa ya sauke abin kafin Juma'a.

Ran Alhamis ya sauke. Tambari ya aiko dogarinsa ya yi kiran sau uku, Maigandi ya hau, ya kwance igiyoyin, ya sauko da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ya jingine su a ɗakin Sadiyatu. Bai ji zafin da ya zaci zai ji ba. A ganinsa an yi shari'a, ya bi umarni, magana ta ƙare. Kuma ai an ce masa matso ranar nan, da kunnensa ya ji.

Ran Juma'a da yamma ya ɗauko akushinsa daga kan randa, ya wanke ƙurar shekara guda, ya shafe shi da mai. Ya je bakin kasuwa wurin wata mai tuwon sayarwa ta cika masa, ya ce ta ƙara man shanu. Ya rufe da faifai, ya sa wankakkiyar riga. Bayan magariba ya ɗauka da hannu biyu ya yi takun nan goma sha biyu, ya ƙara uku zuwa zauren Malam Hayatu, inda ciyayyar ta koma.

Sun amsa sallamarsa tun bai gama ba. Malam Hayatu da kansa ya ce, "Bisimilla, shigo." Aka matsa masa. Ya ajiye akushinsa a ƙarshen layi, ya zauna. Aci-balbal na ci a alkuki. Aka buɗe na Malam aka ci, shi ma ya sa hannu, loma biyu. Aka jawo na biyu, aka jawo na uku. Ana hirar yaƙi da tsadar gishiri. Maigandi ya saki jiki har ya ɗan jingina da bango. Aka cinye na shida. Saura nasa.

Malam Hayatu ya ce, "Alhamdu lillahi," ya jawo ƙwaryar wanke hannu.

Na kusa da shi ya ce alhamdu lillahi. Na gaba ma haka. Attahiru ya miƙa hannu wajen faifan, har yatsunsa sun taɓa bakinsa, sai ya dubi Malam, ya janye hannun ya sosa gwiwa. Ƙwarya ta zagayo har ta iso gaban Maigandi. Ya wanke hannu. Aka yi addu'a aka tashi.

Ko don maganar soron ce, ko don sun san tuwon kasuwa ne, bai sani ba, ba kuma wanda ya gaya masa. Ya ɗauki akushin da nauyinsa yadda ya kawo shi. A zaurensa ya buɗe, man shanun ya daskare a saman miya. Ya ci abin da ya iya ci.

Bai sake gwadawa ba. Da aka yi girbi ya bar gidan ga wani ƙanen Sadiyatu, ya ɗora kayan aikinsa a kan jakai biyu, ya fita ta yamma. A kan hanyar Kalambaina, tun ba a san za a yi gidan siminti a can ba, akwai wani tudu mai duwatsu da ba mai noma shi. Nan ya yi bukka, daga baya ya gina ɗaki ɗaya. Ya kafa azara biyu a haɗe, doguwa fiye da kowane soro a Ƙofar Taramniya, ya ɗora ƙafafunsa. Iska a wurin ba ta da katangar da za ta tare ta. Ya hau sau goma a yini in ya ga dama, babu tsakar gidan kowa a ƙasa sai ƙaya da awakin Fulani.

A can ne ma ya gano maganin nannaɗewar wayar. Ya sa zoben tagulla a wuyan abin da ɗan ƙarfe mai gogarsa, wutar ta riƙa bi ta nan ta sauko, abin ya yi ta juyawarsa waya ba ta motsa ba. Sai ya zama sau ɗaya a mako yake hawa, don mai kawai. Da a birni ya gano haka, da kira ɗaya ran Juma'a ya isa.

Shekara goma sha shida ya yi a tudun. Aiki ba ya yankewa, domin masu keke daga ƙauyukan yamma suna fashewar taya a duwatsun hanyar. Su tsaya ya liƙe musu, su ɗaga kai su yi mamakin abin da ke juyawa, su hau su tafi. Masu kai itace birni a kan jakai da ke makara a hanya sun san hasken, suna auna sauran tafiyarsu da shi. Sukan ɗaga murya daga kan hanya su ce, "Sannu mai hitila!" Kafin ya haɗa amsa sun yi nisa.

Su ne suka same shi wata safiya, shekara biyu kafin a ba da mulkin kai, a zaune a bakin ƙofa da sifana a cinyarsa. Su huɗu suka yi masa wanka da sallah suka rufe shi a gindin tudun. Ƙarafan kuwa maƙera suka kwashe.

Sai bayan mako guda labarin ya iso Ƙofar Taramniya. Malam Hayatu ya tsufa, ya bar aiki, yana zaune a kan buzu aka gaya masa. Ya ɗan laluba sunan a ransa, sannan ya ce, "Maigandi mai keke? Allah shi jiƙan shi. Ashe yana nan da rai duk wanga lokaci?"

Daga ƙofar gidansa zuwa tudun nan, mai keke ba ya cin sa'a guda. Kuma duk shekarun nan Malam Hayatu yana da keke.